Ruwan da Na Zuba a Duron Kofur

A shekarun fari da yunwar nan ni matar soja ce, mai 'ya'ya biyu da baki kamar reza. Ban san ko baƙi ɗaya ba a lokacin, sai da na yi jika sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa yau nake rubuto muku da hannuna. Maigidana kofur ne, shi anka ɗora wa kula da man motocin sojan da ke Sabon Birni. Durorin man suna cikin wata rumfar kwano bayan gidan da munka kama, makullin yana rataye a wuyansa. Kullum da safe sai ya zura sandar awo cikin kowane duro, ya zaro, ya duba. Mutum ne mai sanyin hali, ko fura sai ya juya ta sau uku kafin ya kai baki. Ina yi masa tsiya cewa ya fi son durorin nan da ni, shi ko ya ce su ba su mayar da magana.

Rijiyoyi sun ƙafe, sojoji ke kai wa ƙauyuka ruwa da tanka ɗaya tilo. Ana haka saƙo ya iso mini cewa Inna, mahaifiyata, tana kwance a ƙauyenmu wajen Kurawa, yunwa ta kumbura mata ƙafafu. Wani direba ya ce zai ɗauko ta in na samo jarka ɗaya ta man gas. Na roƙi Kofur. Ya ce man nan an auna shi don tankar ruwa, in yi haƙuri zuwa Juma'a, da kansa zai nemo jaki ya je. Na ce masa ba uwarsa ba ce shi ya sa. Ya ɗauki buta ya fita.

Da ya shiga wanka ya rataye makullin a ƙusa, na ɗauka. Na zuƙe jarka guda, sannan don kar sandar awo ta tona ni, na cike gurbin da ruwan da na yi rabin yini a layi kafin in samu. Ni a ganina dabara na yi. Ban san ruwa nutsewa yake ƙarƙashin mai ba, bututun famfon da ake zuba wa motoci mai kuma daga ƙasan duro yake ja.

Inna ta iso da yamma, na yi ta murna. Washegari tanka ta mutu a daji kan hanyar Tsamaye, cike da ruwa, babu mai sha. Kwana biyu mutane suna zaune da tuluna a bakin hanya kafin makaniki ya zo daga Isa. Daga baya na ji awaki sun mutu, wasu gidaje kuma sun ɗaure kaya sun yi kudu, ba su sake dawowa ba. Da anka tambayi Kofur, ya ce sakacinsa ne. Anka cire masa igiya ɗaya, anka kulle shi mako biyu.

Na kai masa kunu inda yake tsare, na ce za ni wajen hafsansu in faɗi gaskiya. Ya ce in zauna, in na yi haka korar mu za a yi daga aikin gaba ɗaya, to Inna da yara su ci me? Ya tambayi ƙafafunta. Sannan ya ce abin da ya fi ba shi mamaki, macen da ke auna masa ruwan alwala da ludayi ita ce ta yi kyautar jarka guda. Na yi dariya, na yi kuka, shi ko yana ta juya kununsa.

Inna ta yi shekara tara bayan nan, ba ta taɓa sani ba. Igiyarsa kuwa ba ta dawo ba har ya bar aiki, kuma har ya koma ga Allah bai goranta mini ko sau ɗaya ba.

Ban yi nadamar ganin uwata da rai ba, ƙarya ne in ce na yi. Amma ranar nan uwata kaɗai na gani, na manta mutanen Tsamaye ma suna da iyaye. 'Yan'uwana mata, in mijinki na riƙe da amanar jama'a, ki yi faɗa da shi ido da ido in kin ga dama, amma kar ki taɓa makullinsa. Wanda zai biya ba ke ba ce. Wanda ya karanta wannan ya sa Kofur a addu'a.