Ranar da Aka Tura Yaya Memuna Madafa

Shekara ashirin da biyu ke nan da aka fitar da Yaya Memuna daga gidanmu na Sabonjida zuwa makwancinta. Ita ce babbar yayata, uwa ɗaya uba ɗaya. Yau na wuce shekarun da ta yi a duniya, amma in na tuna ta, ƙanwa nake komawa.

Atamfa take sayarwa a kasuwar garinmu, Tamale. Ba ta yi boko ba, ni ta tura makaranta. Da guguwar neman 'yanci ta iso arewa, tana cikin matan farko da suka shiga jam'iyya. Maza suna hawa mota suna jawabi, ita kuwa tana bin gidaje da ƙafa, daga Sabonjida har Kaladan, tana shiga ɗakunan da namiji ba ya shiga, tana yi wa mata bayanin ƙuri'a da Hausa da Dagombanci. In baƙo ya zo daga kudu ya yi magana da yaren Ashanti, ita ke juya wa jama'a. Sau ɗaya 'yan sandan mulkin mallaka sun tsare ta kwana biyu. Ranar da ta fito, ko gida ba ta biya ba, taro ta wuce.

Akwai wani Bature malamin makaranta da matarsa, waɗanda kowa ya sani masoyan tafiyar ne. Suna sukar gwamnatin ƙasarsu a fili, har keken rubutunsu suka ara wa jam'iyya. Bayan an samu 'yanci, suka gayyaci shugabannin reshenmu cin abincin rana, domin wani ɗan jarida ya zo daga ƙasarsu yana son ganin waɗanda suka yi aikin. Maza shida aka kira, da Yaya. Ta ɗaura sabuwar atamfa, ta ce in raka ta saboda ina jin Turanci.

A bakin baranda matar gidan ta gaisa da mazan ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kanmu, ta yi murmushi, ta nuna mana hanyar bayan gida, ta ce kuku yana can yana neman masu taya shi. Ta ɗauka an zo da mu aiki ne. Malam Iddi, sakataren reshe, yana tsaye yana ji, kuma Turancinsa ya fi nawa. Mutumin da Yaya ta ɓoye a ɗakin kayanta lokacin da ake nemansa. Na jira ya gyara maganar. Sai ya sunkuyo ya ce da Hausa, "Memuna, ki yi haƙuri, kada mu ɓata taro. Ai duk aikin jam'iyya ne."

Muka zagaya. Yaya ta tattare zanenta ta zauna yankan albasa. Ta taga muna jin Malam Iddi yana ba ɗan jaridar labarin yadda suka wayar da kan matan arewa. Can matar gidan ta leƙo, cikin fara'a, ta ce in tambayi Yaya ko mijinta ya bar ta ta jefa ƙuri'a. Yaya ta ajiye wuƙa, ta ce in gaya mata sunanta, da unguwannin da ta bi, da kwanan da ta yi a tsare, in kuma gaya mata cewa ita baƙuwa ce a gidan nan kamar na cikin falo. Ni kuwa ban juya mata ko ɗaya ba. Na ce da matar wai Yaya ta jefa, kuma tana godiya.

Bayan 'yan watanni aka naɗa shugabar mata ta reshe. Matar wani ma'aikacin gwamnati aka ba, aka ce Yaya ba ta iya karanta takarda ba. Ba ta bar jam'iyya ba, ba ta zagi kowa ba, amma ba ta sake tsayawa gaban taro ba har ta koma ga Allah.

Sai da ciwonta na ƙarshe ya kwantar da ita na iya faɗa mata abin da na yi. Ta dube ni, ta ce, "Na sani tun ranar. Maganata ta fi taki tsawo." Ta ce ni yarinya ce a lokacin, ba ta riƙe ni ba. Baturiyar ma ba ta san ta ba, fatarta ta gani ta yanke hukunci. "Amma Iddi ya san ni," in ji ta. Daga nan ta juya wajen bango.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Za ta yi murna da 'yan matan da ke riƙe lasifika ba su jin tsoron kowa. Amma za ta lura har yanzu in zaɓe ya zo mata ake kira su dafa, su yi anko, su cika fili, in an shiga ɗakin shawara a rufe ƙofa. Za ta lura da baƙin da ke zuwa da kyakkyawar niyya su koya mana 'yancinmu, su ɗauki hotonmu, su tafi ba su tambayi sunanmu ba.

Babu titi da sunanta, babu takardar da ta ambace ta. Abin da ya rage yana wurin mutane, su ma suna ƙarewa. Bara, a wani taron suna a unguwar Bulpiela, wata tsohuwa da idonta ya dushe ta ji an ce ni ƙanwar Memuna ce. Ta kama hannuna da hannu biyu, ta ce Memuna ce ta je har ɗaki ta roƙi mijinta, ta riƙo ta zuwa rumfar zaɓe, kuma tun daga ranar ba ta taɓa fashi ba. Ta ce in na koma gida in gaishe mata da ita, in ce tana nan tana zuwa zaɓe har yau.

Na kasa gaya mata. Na ce za ta ji. Allah ya jiƙanki, Yaya, ya sa kin huta.