Baffa Lawan da Gwaggon da Ta Ƙi Mutuwa

Ku da kuka san Baffa Lawan, kun san ba ya fara komai sai ya yi ajiyar zuciya tukuna. Ko tuwo aka ajiye masa, sai ya dube shi ya ce, "Wash! Wani aikin kuma." Ƙanin mahaifina ne, malamin gona, ya yi shekara da shekaru yana zirga-zirga a kan tsohon babur tsakanin Karaye da Zoza. Ban taɓa jin an ce masa "Ina gajiya?" ya amsa da "Ba gajiya" ba. Cewa yake yi, "Akwai ta, me zan ɓoye maka?"

Ina aji huɗu na sakandare aka ɗora mana wani tsohon littafin labari na Turanci, mai kauri kamar bulo. Sunansa ba sai na faɗa ba, duk wanda ya yi makaranta a zamaninmu ya sha azabarsa. Na zo hutun damina, Baffa ya tarar da ni ina gyangyaɗi a kansa.

"Kai, mene ne wannan?"

"Littafin jarrabawa ne, Baffa."

Ya ɗaga shi ya jinjina. "Mutum ɗaya ne ya rubuta duk wannan? Ba shi da gona?"

Ya tafi da shi. Har aka fara cire gyaɗa yana karantawa a gindin mangwaro, yana tsaki. Ranar da ya dawo mini da shi ya ce, "Bawan Allahn nan ya gajiyar da mutane a banza. Na taƙaita maka. Saurara:

Yaro ya ce zai tafi birni,
Ya yi bankwana har da kakanni,
Ya kai ƙofa, ya manta hula,
Babi uku ana neman hula."

Wallahi haka abin yake a littafin! Na yi dariya har na ƙware. Shi ko murmushi bai yi ba.

Daga nan abu ya zama jiki. Ba a roƙonsa, ba a kuma iya hana shi. Wata rana mun shiga bas daga Karaye za mu Kano, ta lalace mana a hanya. Rana ta take, yara na kuka, direba ya shige ƙarƙashin mota ya ƙi fitowa. Baffa ya zauna a bakin titi ya ja numfashi, ya fara:

"Yana son ta, tana son sa,
Ya zo gabanta, ya dubi takalminsa,
Ya ce, 'Yau kam akwai hadari,'
Ya juya gida. Sai kuma baɗi."

Wata dattijuwa mai tallan nono ta sauke ƙwaryarta. "Malam, yaron nan ɗan wane gari ne? Ba shi da manya ne da za su je masa?"

"Iya, a ƙasar Turawa yake. Ya ma daɗe da mutuwa."

"Bai aure ta ba?"

"Sai can ƙarshe, duk sun tsufa."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta ce, "Allah wadaran rashin dangi."

Baitin da ya jawo mana masifa shi ne na gwaggon yaron, wata tsohuwa mai dukiya da ta kwanta ciwo tun farkon littafin:

"Gwaggo ta kwanta, wai za ta cika,
Dangi sun taru suna ta kuka,
Ta buɗe ido, ta nemi shayi,
Bara ma, jama'a, haka ta yi."

Na koma makaranta da baitocin, cikin mako guda duk ajinmu sun haddace. Wa zai ƙara buɗe bulo? Jarrabawa ta zo, tambaya ta farko: a bayyana yadda mutuwar gwaggo ta sauya rayuwar yaron. Mutuwa kuma? Muka dubi juna. Ni dai na rubuta cewa tana nan da ranta, shayi take sha. Kusan dukkanmu muka faɗi, ni har sai da na maimaita ajin.

Malaminmu na Turanci, Malam Habibu, ya hau babur takanas har Karaye. Ya tarar da Baffa a kishingiɗe a zaure. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Malam Lawan, ka kashe mini aji. Matar nan ta mutu a babi na kusa da ƙarshe!"

"Na gani."

"Ka gani? To me ya sa ba ka faɗa ba?"

"A nasa littafin ta mutu. A nawa tana nan."

"Ai ba naka ake tambaya a jarrabawa ba!"

"Wannan kuma matsalar masu jarrabawar ce. Ka sha fura, ka yi tafiya mai nisa."

Malam Habibu ya sha furar, ya tafi yana girgiza kai. An ce daga baya da baitocin yake fara koyar da littafin, sai dai yakan ƙara nasa layin na mutuwa, wanda bai taɓa yin daɗi ba.

Na daɗe ina jin haushin shekarar da na rasa. Sai da na fara aiki, Baffa ya tsufa idanunsa sun yi rauni, na je gaishe shi na tayar da zancen.

"Baffa, don Allah, me ya sa ka ƙi kashe gwaggon nan?"

Ya yi ajiyar zuciyar nan tasa. Can ya ce, "Ka tuna wace shekara ce? Da rani muka kai babanka. Kafin ruwa ya sauka muka kai Hajara." Matarsa ke nan. "Na gaji da raka mutane makwanci, Sani. Waɗancan ba ni da iko a kansu. Wannan ɗaya da ke hannuna, sai na bar ta ta zauna."

Na gyara masa matashin kai.

Bai kai wata damina ba. Allah Ya jiƙan Baffa Lawan, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haɗa shi da yayansa, wato babana, da Hajararsa a inda ba a rabuwa. Ya Allah, Ka hutar da bawan nan naKa. Amin.