Kulu a Saman Lilo

A Makera, bayan layin masu gyaran rediyo, akwai wani gidan haya mai ɗaki goma sha ɗaya da famfo guda. A nan Kulu ta yi zaman aurenta. Iyayenta mutanen Malumfashi ne, amma ita a Kaduna ta buɗe ido. Da ta gama firamare ta sami aiki a wata masaƙa a Kakuri, a sashen da ake duba yadi kafin a naɗe shi. Tsayuwa take yi gaban fitila yadi yana wucewa, in ta ga zare ya tsinke ko rini ya zuba sai ta sa alli a wurin. Shekara huɗu ta yi tana wannan aiki, kuma tana son sa. Tana son tafiyar safe cikin ayarin mata, da hirar da ake yi wajen cin abinci, da yadda ake kiran sunanta in an rasa gane aibin wani yadi.

Mijinta Tanko direban tanka ne, yana ɗaukar mai daga matata a wajen Rido ya nufi Sakkwato ko Yola. In ya fita, sai ya yi kwana biyar, wani lokaci mako. Ɗiyarsu ta fari an haife ta ne Kulu tana aiki. Da hutun haihuwa ya ƙare sai ta riƙa barin ta wajen wata tsohuwa da madarar gwangwani a fida. Yarinyar tana da wata uku gudawa ta kama ta, kwana biyu ta yi ta koma. Babu wanda ya buɗe baki ya ce laifin Kulu ne. Uwar mijinta dai, ranar da za ta koma gida Malumfashi bayan zaman makoki, ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Allah ya sa na gaba ya sami uwa a gida." Wannan magana ta zauna wa Kulu a ƙirji kamar ƙaya.

Don haka da ta sake samun ciki, tun kafin ya tsufa ta ajiye aiki. Ta haifi namiji ranar Juma'a, ake kiran sa Ɗanjuma. Ta yi wa kanta alkawari babu abin da zai shiga bakinsa sai nononta, kuma babu hannun da za ta bar shi a kai. Ta cika alkawarin fiye da yadda ya kamata. In za ta yi wanka, tana jin motsinsa daga bayan ƙyaure. In za ta ɗebo ruwa, yana bayanta. Kasuwa ma ta daina zuwa, sai dai ta ba da saƙo. Tagar ɗakinta katangar maƙwabta take kallo, tsakaninsu bai fi taki ɗaya ba. Wata biyar ta yi a haka, har ta san kowane tsagi da ke jikin katangar. Wani lokaci tana ba yaron nono sai ta ji hawaye ya sauko mata, ita kanta ba ta san na mene ne ba, tunda yaro lafiyarsa ƙalau, kumatu har sun rufe masa wuya.

Ɗakin da ke kallon nata na Naomi ne, mutuniyar Zonkwa, matar Istifanus mai aiki a jirgin ƙasa. Naomi ta girmi Kulu da 'yan shekaru, 'ya'yanta uku, ta ƙarshen Christy ta girmi Ɗanjuma da mako shida. Mace ce mai faɗin abin da ke ranta. Ita ce ta zo da labarin, kwana biyu bayan ƙaramar Sallah ta 1985, cewa wasu mutane sun kafa wurin wasa a wani fili kusa da Kakuri, da dawakin katako masu zagayawa, da ƙananan motoci, da wani babban lilo na ƙarfe mai kama da ƙafar keke, wanda yake ɗaga mutum ya fi tsayin bene.

"Maman Ɗanjuma, ki shirya mu je," in ji ta. "Kin yi fari kamar wadda aka ajiye a akwati."

"Da yaron?"

"To da wa? Ni ma da tawa zan je. Maigidanki ai ya ce ki fita ki sha iska, da kunnena na ji."

Gaskiya ne, Tanko ya faɗi haka kafin ya tafi Yola. Kulu ta yi ta kawo dalilai, Naomi tana rushewa, har dai bayan azahar suka fita, kowace da goyonta.

Filin ya cika. Lasifika tana ta kiɗa, injin wuta yana ruri a bayan wata rumfa, ƙamshin tsire da na gyaɗa sun gauraye da hayaƙin gas. Babu inuwa sai ta bishiyar mangwaro guda, mata masu goyo sun riga sun mamaye gindinta. Ɗanjuma bai saba da hayaniya ba, ya fara ƙananan koke-koke. Da ƙyar Kulu ta sami gefen wani benci a gindin mangwaron, ta juya baya ga jama'a, ta rufa gyale ta sa masa nono. Ya kama ya saki, ya kama ya saki, duk bugun ganga sai ya waiga. Bai sha na kirki ba barci ya ɗauke shi.

Duk wannan lokaci idon Kulu yana kan babban lilon. Tana kallon kujerun suna hawa ɗaya bayan ɗaya, 'yan mata suna ihu suna dariya. Naomi ta lura.

"Kawo shi nan. Je ki hau."

"A'a."

"Minti biyar ne fa. Ga shi yana barci. Ni tsoron abin nake ji, in ba haka ba da tuni na hau na bar miki tawa."

Kulu ta dubi yaron, ta dubi lilon. Tun da aka yanke masa cibiya ba ta taɓa yin nisan da ba za ta ji numfashinsa ba. Ta ɗora shi a cinyar Naomi a hankali, ta gyara masa hula, ta tafi da sauri don kada ta fasa.

Mai kula da lilon ya zaunar da ita kujera ɗaya da wata dattijuwa mai jiki, ya saukar da sandar ƙarfe a gabansu ya kulle. Dattijuwar ta ce sunanta Hajiya Rakiya, daga Unguwar Mu'azu, jikoki ne suka ce ba za ta iya ba shi ya sa ta hau. Lilo ya motsa. Kulu ta ga ƙasa ta yi nisa, sai ga rufin kwano jere har iyakar gani, ga dogayen bututun hayaƙin masaƙu, ga kogi can yana walƙiya. Iska ta buga mata fuska. Ta ji dariya ta kufce mata. Suka sauko, suka sake hawa. A zagaye na uku, daidai lokacin da kujerarsu ta kai ƙololuwa, wani abu ya yi ƙara a ƙasa kamar an tsinka igiya, lilon ya girgiza ya tsaya cak.

Da farko mutane dariya suka yi. Aka ga ma'aikatan suna kewaya injin, ɗaya ya shiga ƙarƙashi, ɗaya yana ɗaga hannu wai a yi haƙuri. Waɗanda ke kujerun ƙasa aka buɗe musu suka fita, na kusa da su aka sauko da su da tsani. Tsanin bai kai ko rabin tsayin ba. Can aka sanar ta lasifika cewa bel ya tsinke ya maƙale cikin haƙoran injin, an tafi kiran bakanike.

Kulu ta leƙa. Daga nan mutane sun koma kamar 'yan tsana, amma ta gane jan ɗankwalin Naomi a gindin mangwaro. Ta riƙe sandar ƙarfen, ta ji zafinta a tafin hannu. Rabin sa'a ta wuce. Sai ta ga Naomi ta miƙe, ta goya Christy, ta saɓa Ɗanjuma a kafaɗa tana jijjiga shi tana kai da kawowa. Ba ta jin kukansa saboda kiɗa da rurin inji, amma ta ga yadda yake banƙarewa yana harba ƙafa. Jikinta ya amsa tun kafin ta yi tunani. Nono ya kawo, ya yi tauri, ya fara zuba har ya jiƙa gaban rigarta.

"Goyo gare ki?" Hajiya Rakiya ta tambaya.

"Ga shi can. Wata biyar. Bai sha ya ƙoshi ba na taho."

"Yana shan koko?"

"Ko ruwa ban taɓa ba shi ba."

Hajiya ta zare nata mayafin ta miƙa mata. "Tatse kaɗan a nan, kada ya sa miki zazzaɓi."

Kulu ta tatsa, tana kallon abincin ɗanta yana shiga mayafin baƙuwa. Ta gwada sandar ko za ta ɗagu, ta ƙi. Ta dubi ƙarafan da ke ƙarƙashin kujera tana auna ko mutum zai iya bi ya sauka. Hajiya ta damƙe mata hannu.

"Kul. In kika faɗo, wa zai shayar da shi gobe?"

Sa'a guda ta wuce, ta biyu ta kama. Hadari ya fara haɗowa daga gabas, iska ta canza, kujerar ta soma lilo da kanta tana ƙara. A ƙasa, wata mata ta matso kusa da Naomi tana miƙa mata wani abu. Kulu ta ƙura ido. Fida ce. Ta buɗe baki ta ƙwala kira, iska ta tafi da muryar. Amma Naomi ta san labarin ɗiyar Kulu ta fari, ta girgiza kai ta mayar wa matar kwalbarta.

Daga nan Naomi ta ratso jama'a ta zo daidai ƙarƙashin lilon, inda Kulu za ta gan ta sosai. Ta ɗaga Ɗanjuma sama. Ya daina harbe-harbe, kukan ya ci ƙarfinsa. Ta sauke shi, ta dafa ƙirjinta da hannu ɗaya, ta ɗaga kai tana jira.

"Izini take nema," in ji Hajiya Rakiya. "Wace ce?"

"Maƙwabciyata ce. Kirista ce."

"Nono dai nono ne. Amma ki sani, in ya sha ya zama ɗanta. 'Ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, babu aure tsakaninsu har abada. Kuma maigidanki ba ya nan, ke za ki amsa."

Kulu ta tuna alkawarinta. Ta tuna uwar mijinta, da abin da za ta ce in labari ya kai Malumfashi cewa ta bar yaro ta hau lilo. Ta dubi Naomi, wadda har yanzu hannunta yana ƙirji, ɗigon ruwan farko yana sauka a fuskarta. Sai ta kwance ɗankwalinta ta miƙa hannu waje ta kaɗa shi, ta gyaɗa kai da ƙarfi don a gani.

Naomi ta koma gefen rumfa ta zauna a kan wani akwati, ta juya baya. Kulu ba ta ga komai ba sai bayan Naomi da kan Christy a goye, da 'yan ƙafafun Ɗanjuma sun leƙo ta gefe. Ƙafafun suka yi ta motsi, sannan suka lafa. Kulu ta kifa goshi a kan sandar ta yi kuka, Hajiya ba ta hana ta ba.

Bakanike bai zo ba har ruwa ya sauko. A ƙarshe maza ne suka taru, wajen su ashirin, aka cire abin da ya maƙale da guduma, aka ɗaura igiya suka riƙa jan lilon da hannu, kujera ɗaya bayan ɗaya. Sai da la'asar sakaliya ƙafar Kulu ta taɓa ƙasa, ta jiƙe sharkaf. Ta tarar da yaron yana barci cikin zanen Naomi, bakinsa da ɗigon nono.

"Ki yafe ni," in ji Naomi. "Ni na matsa miki."

"Ya sha da yawa?"

"Ya kusa ƙarar da rabon Christy."

Da Tanko ya dawo, Kulu ba ta jira ya ji a bakin 'yan gida ba. Ta gaya masa duka yana cin abinci. Ya ajiye cokali ya fita. Wajen limamin unguwa ya je, shi ma ya tabbatar masa da abin da Hajiya Rakiya ta faɗa. Washegari ya sayo turmin atamfa da sabulu, ya kira Istifanus, ya yi godiya a tsakar gida kowa yana ji. Ita kuwa Kulu, abin da ya ce mata a ɗaki shi ne kada ta sake zuwa irin wuraren nan. Uwarsa ta ji labari daga baya, ta yi wata uku ba ta amsa gaisuwar Kulu.

Kulu ba ta koma masaƙa ba. Lokacin da ta yaye Ɗanjuma ana ta rage ma'aikata, kuma ga wani cikin. Abin da ya sauya kaɗan ne. Ranar Talata da Asabar takan ba yaron nono ya ƙoshi, ta miƙa shi ɗakin Naomi, ta tafi kasuwar Kakuri ta zaɓo guntayen yadi tana sayar wa matan gida. Idonta bai manta aikinsa ba, ba a iya cusa mata mai aibi. Ba ta taɓa wuce sa'a ɗaya ba, kuma da sassarfa take dawowa.

Shekara biyu bayan haka aka yi wa Istifanus canjin wurin aiki zuwa Minna. Ranar tafiya, ana loda kaya a akori-kura, Kulu ta fito da littafin makaranta da biro ta ce Naomi ta rubuta mata sunayen 'ya'yanta duka, da sunan garinsu.

"Na me?"

"Duniya da faɗi. Kada Ɗanjuma ya girma ya haɗu da ɗaya bai sani ba."

Naomi ta jingina littafin a jikin motar ta rubuta. Ta bar layi biyu a ƙasa babu komai, ta ce ba ta san ko ta gama haihuwa ba, in an sami ƙari za ta aiko da wasiƙa. Direba ya danna oda, Istifanus ya miƙo hannu ya ja ta sama. Kulu ta tsaya a ƙofar gida da sabon goyo a baya har motar ta sha kwana, sannan ta ja hannun Ɗanjuma suka koma ciki, don ta bar wake a kan wuta.