Kunkurun da Baba Ya Bari

Wallahi na sha wahala da kunkurun nan. Baba, dattijon da muka zauna ɗaki ɗaya a unguwar Balad ta Jidda, ya rasu, ya bar mini shi cikin kwali. Sanyin Jidda ya wuce, shi ko motsi babu. Na ce halas, shi ke nan, ya bi maigidansa. Har na ɗauko ledar da zan jefar da shi a ciki.

Sai na tuna bara, Baba tsugune a saman bene, yana gwada ɗumin ruwan kunkurun da gwiwar hannu. "Kai ɗan nan, ba a yi wa mai barci garaje. Ruwa tukuna, latas daga baya."

Na sa shi cikin ruwan ɗumi. Can ya miƙo wuya, ya sha.

Allah Ya tashe ka da sauƙi haka, Baba.

Washegari da sassafe na fita neman latas.