Malam Garba Ticha da Shafin da Na Ƙi Rubutawa

Da safen nan ina tsaka da wanke motar kafilina, maigidan da nake wa tuƙi, a unguwar Abhur waya ta shigo. Usman ne, Bahaushen Sudan ɗin nan da ke aiki a ɗakin ajiye gawa na wani asibiti a kudancin gari. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Ya ce, "Ya Sani, akwai wani dattijo a wajenmu yau kwana biyar, babbar mota ce ta buge shi a titin Mahjar. An rubuta masa majhul, ba a san ko waye ba. Amma littafin Ticha na cikin aljihunsa."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tiyo na ta zuba a ƙafata, ni ban ma sani ba.

Duk wanda ya zauna a unguwar Waziriyya ya san Malam Garba Ticha. Malamin Turanci ne a firamare a Gusau, ya zo umra tun kafin a fara ɗaukar hoton yatsu, bai koma ba. Ba iƙama, wato takardar zama, ba fasfo, ba sunansa a kwamfutar kowa.

Shi ya tarbe ni shekara goma sha biyu da suka wuce, ban san hagu da dama ba a garin nan. Wata uku ina kwana a ɗakinsa. Shi ya koya mini karanta allon hanya, shi ya rubuta mini takardar da na samu aikin tuƙi da ita. In na kawo masa wani abu sai ya ce in kai wa wanda ya sauka jiya.

Amma Malam yana da wata ɗabi'a da ba kowa ke so ba.

Duk baƙon da ya sauka, kafin ya gama shan shayi Malam ya ciro wani littafi mai baƙin bango. Sai ya ƙura maka ido ya fara rubutu. Zanen fuska, wushirya, tabon sakiya ko na ƙuna, yatsan da ya taɓa karyewa, yadda kake jefa ƙafa. A ƙasa kuma ya sa halinka, ko kai mai saurin fushi ne, ko mai yawan dariya. In mace ce fuska da hannu kawai yake dubawa, sauran ya sa 'yar'uwarta mace ta faɗa masa. Yana kiran kowane shafi character ɗin mutum.

Ran da ya rubuta nawa na ce, "Haba Malam, sai ka ce za ka sayar da ni a kara?"

Ya yi dariya, ya jawo ƙamus ɗinsa da bango ya rabu da shi tuntuni. Ya ce kalmar nan tsohuwa ce, Turawa ma aro suka yi daga mutanen Girka. Da farko sunan ƙarfen da ake buga hatimi da shi ne a jikin kwabo. Daga nan ta zama sunan alamar da ƙarfen ya bari, irin lambar da ake ɗora wa dabba da wuta. Ta koma harafin rubutu. Ta koma kamannin fuska. Sai daga baya ta shige ciki ta zama halin mutum, abin da ya bambanta shi da kowa. Ya ce a ƙasar Ingila ta dā har takardar shaida da maigida ke ba baransa in zai bar aiki haka ake kiranta, kuma baran da aka sallama babu ita ba mai ɗaukarsa.

"Mu nan yawancinmu babu mai rubuta mana," in ji shi. "To ni zan rubuta. Ran da aka tsinci ɗayanmu a titi ba takarda, da wannan za a san ɗan waye."

Kuma an sani. Ni kaina na raka shi asibiti sau uku. Ya buɗe shafi ya karanta, a duba gawa a ga haka ne, a sa mata suna, a kira gida.

Matsalar ta fara ne da Hajiya Talatu mai waina. Wata rana da hantsi Malam ya je rumfarta, bai sayi komai ba, ya ce ta miƙo hannu ya sake duba ƙunar da ke wuyan hannunta. Ya gyara wani abu a littafi ya tafi. Ba a yi mako ba ta rasu.

Bayan ita aka yi wani mai fenti. Shi ma Malam ya je ya sake dubawa, shi ma bai kai wata ba.

Ba wanda ya ce komai a fili. Sai dai in Malam ya shigo layi ka ga mata suna jan mayafi suna rufe hannu, maza kuma kowa ya tuna yana da uzuri. Wurin zamansa a ƙofar masallaci ya zama fili, shi kaɗai a kan tabarmar mutum biyar.

Na taɓa tambayarsa. Ya ce, "Ni ba na kiran mutuwa, Sani. Kallon mutane nake yi. Wanda na ga ya fara sauyawa nakan je in gyara shafinsa, shi ke nan."

Na ce na gane. Wallahi ƙarya na yi, tun daga ranar nake kauce masa. Ni da na kwana wata uku a ɗakinsa.

Haɗuwarmu ta ƙarshe yau kwana tara. Bayan azahar ne, rana ta take, layin ba kowa sai maguna a ƙarƙashin motoci. Na fito daga shagon gyaran waya na gan shi tsaye a tsakiyar hanya, littafin a hannu, kamar dama ya san ta nan zan bi. Na ɗauka nawa ya zo gyarawa.

Ya buɗe shafin ƙarshe, fari fat, ya miƙo mini biro.

Ya ce, "Ɗana, na rubuta na kowa, ba wanda ya rubuta nawa. Zo mu shiga inuwa in cire riga ka duba ni. Minti goma ne."

Na kasa ɗaga ido. Takalminsa kawai nake kallo. Na ce kafili na jirana, sai Juma'a in sha Allahu.

Ya ce, "Halas, shi ke nan. Allah ya kai mu." Ya mayar da biron aljihu.

Ban je ran Juma'a ba.

Yau da ƙarfe goma na isa asibitin. Usman ya shiga da ni, ɗakin sanyi ƙalau, ba ka jin komai sai ƙugin injin. Ya jawo aljihun firjin da gawar ke ciki ya yaye ƙyallen. Ba zan faɗi yadda fuskar ta koma ba. Ba a gane ta, iyakar abin da zan ce ke nan.

Jami'in da ke wurin ya tambaye ni da Larabci, wace alama ka sani a jikinsa? Ya ce littafi ba shaida ba ne, kowa na iya tsintar littafi, kuma babu sunan mai shi a ciki.

Na duba hannuwan, na duba ƙafafun. Akwai wani tsohon tabo a kafaɗar hagu, akwai farcen da ya mutu a babban yatsan ƙafa. Shekara goma sha biyu, ban san ko Malam yana da su ba. Na kasa cewa shi ne. Na kasa cewa ba shi ba ne.

Suka bar ni na buɗe littafin. Shafin ƙarshe yana nan fari. Na koma baya na nemo nawa. A can ƙasa, da sabon biro, an ƙara layi ɗaya: ƙunar ruwan lagireto a damtsen dama. Sati uku ke nan da na ƙone, ban gaya wa kowa ba, kuma ran da muka haɗu doguwar riga ce a jikina har wuyan hannu. Ban san yadda aka yi ya gani ba. Har yanzu da nake wannan rubutu tsigar jikina tashi take yi.

Na wuce ɗakinsa a Waziriyya. A kulle. Maƙwabta sun ce rabonsu da shi kwana biyar ko shida, kuma ba wanda ya ƙwanƙwasa.

Usman ya ce in har ranar Alhamis ba a samu mai shaida ba, za a binne shi a matsayin majhul. Ba takardar mutuwa, ba suna. Malam yana da 'ya a Gusau, Hauwa, tun tana goye ya baro ta, yanzu ita ma da 'ya'yanta. Lambarta na wayata tun safe, na rasa me zan ce mata.

Don haka nake roƙonku, jama'ar Waziriyya da Mahjar. Wanda ya taɓa yi masa aski, wanda ya taɓa yin alwala kusa da shi, wanda ya taɓa ganinsa da harami a kafaɗa. In ka san tabo ɗaya a jikin Malam Garba, ka yi mini magana ta akwatin saƙo. In ba ka da iƙama ba sai ka je ba, ni zan je in faɗa. Mu ɗari nawa ne a littafin nan, ba zai yiwu a ce duk cikinmu ba wanda ya taɓa kallonsa ba.

Ya Allah, in bawanKa Garba ne kwance a ɗakin can, Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka saka masa da alherin da ya yi wa gawarwakin da ba su da kowa. In kuma wani bawan naKa ne daban, Kai Ka san sunansa, shi ma Ka ji ƙansa. Ni kuma Ka yafe mini minti goman nan.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi wa mutumin da ke cikin aljihun nan addu'a, ko shi ne ko ba shi ba.