Ɗaso da Mafarkin da Na Ba Ta

Ranar da na fita takaba, Ɗaso ce ta fara ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ta shigo da kwanon lalle a ƙarƙashin mayafi, ta ce, "Yaya Kabira, miƙo ƙafar nan, ta gaji da zama ba ado." Ta zauna a ƙasa ta ƙunsa mini da hannunta, tana ta surutu don kada in yi kuka.

Gida ɗaya muke haya a unguwar Utaibiyya, nan ƙasa mai tsarki, ni a ƙasa, ita a ɗan ɗakin saman rufi. 'Yar Damagaram ce, ta zo aikin Hajji ba ta koma ba, kuma ba ta da takardar zama. Tana yi wa amare lalle, amma babban aikinta jinyar wata tsohuwa Balarabiya a unguwar Shisha. Tsohuwar ba ta iya tashi, wuninta kallon tsofaffin finafinan Turawa marasa kala, irin waɗanda ake kashe mutum a yi ta neman wanda ya yi. Ɗaso ba ta jin yaren. Abin da take jira kawai inda mutum zai yi barci a nuna abin da yake gani.

"Yaya, mutanen nan sun san mafarki," in ji ta. "Matakala ta hau sama ta ƙare a iska. Takalma suna tafiya ba mai su. Wallahi haka nawa yake, ban san ana iya nuna shi ba!"

Daga nan ta fara zane a kan kwalayen dabino da ake zubarwa, da ragowar lalle da kwalli da tsinke. Ta zana rijiyar gidansu cike da akwatunan alhazai. Ta zana akuya a kan gadon asibiti. Nakan ce mata Allah ya shirye ta, ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi.

Malam, mai gidana, tura keken marasa ƙarfi yake yi a Harami. Ƙafarsa ta hagu a karkace take tun haihuwa, kuma kullum akwai koriyar sallaya ɗaure a bayan kekensa. Lafiya muka rabu, Allah ya sani. Amma bayan rasuwarsa sai na riƙa ganinsa a mafarki a Muzdalifa, motocin alhazai jere ba kowa a ciki, ƙasa ta zama ruwa, shi kuwa yana tura keke babu mutum. Ina kiransa, ba ya juyowa.

Na san an hana faɗin mummunan mafarki. Na yi tofi a hagu, na canza kwanciya, ya ƙi barina. Ko 'yata Khalida ban gaya wa ba. Wata rana Ɗaso tana yi mini kitso, hawaye ya zubo, sai na faɗa mata. Na ce, "Amana ce." Ta ce, "Haba Yaya, ni da wa zan yi zancen?"

Ashe ta zana. Jikan tsohuwar, Mish'al, mai karatun zane a Jidda, ya ga kwalayen ya ce za a nuna su a wani taro. Ita da ba ta iya wuce shingen 'yan sanda, ga zanenta zai je har Jidda. Ta ba shi duka.

Khalida ce ta zo daga gidan mijinta da waya a hannu. "Ummi, wannan ba Baba ba ne?" Na duba, hoton zanen Ɗaso ne. Ga karkatacciyar ƙafa, ga koriyar sallaya, ga mace a bayansa ta miƙa hannu. An rubuta da Larabci a ƙasa wai mafarkin wata gwauruwa ce daga Utaibiyya. Ba wanda ya san Malam da zai yi tambaya.

"Me kika yi masa, Ummi? Da fushinki ya tafi?"

Na rantse mata. Ta ce ta yarda, amma idonta na kan wayar. Matan unguwa kuwa, ina shiga makarantarmu ta Islamiyya ta Asabar sai hira ta tsaya. Wata ta matso ta ce in yawaita masa sadaka, ko Allah zai sa ya huce.

Na hau sama da kaina. Ɗaso ta tarbe ni da fara'a, har tana nuna mini yawan mutanen da suka yaba. Da ta ga fuskata sai ta ce, "Ai ban sa sunanki ba, Yaya. Kuma shi ya fi duka kyau."

"Mijina ne, Ɗaso, ba kwalin dabino ba."

Ban ƙara hawa matakalar nan ba. Nakan amsa sallamarta, don addini bai yarda da gaba ba, amma iyakarta ke nan. Har yau Khalida in ta zo ba ta ɗauko zancen mahaifinta a gabana.

Da tsohuwar ta rasu aikin Shisha ya ƙare, Ɗaso ta haɗa kayanta za ta koma wajen 'yar uwarta a wata unguwa. Ta tsaya a bakin ƙofata da jaka a ka, ban ce ta shigo ba. Ta daɗe tana kallon ƙasa, na ɗauka gafara za ta nema.

Sai ta ce, "Yaya, don Allah, duk ranar da Malam ya juyo, ki aiko a gaya mini, in sake zanawa."