Toka ta tare Mama, maƙwabciyata ta dama kunun kanwa

Shekarun baya can, ina da tsohon ciki na fari, muna zaune a wani ɗan flat a unguwar Rusholme, can ƙasar Turawa. Da ƙyar mahaifiyata ta samu visa za ta zo min wankan jego. Saura kwana biyu ta taso daga Kano, wani dutse ya yi aman wuta a Iceland, tokarsa ta cika sama, aka dakatar da jirage.

Na zauna a matakala ina kuka kamar an yi min rasuwa. Maƙwabciyata ta ƙasa ta same ni, wata dattijuwa da gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na faɗa mata.

Ta zauna kusa da ni ta ce, “’Yata, ni ma na san toka.”

Ashe daga wani ƙaramin tsibiri take a Caribbean. Ta ce su ma dutse ya taɓa yi musu aman wuta, a ƙauyensu toka ta yi ta sauka har rana tsaka sai da fitila. Rufin ɗakuna ya rufta, ruwan sha ya zama taɓo, awakinta suka ci ciyawa suka mutu. Da jaka ɗaya ta fito. Ƙauyen yana nan a binne.

Kunya ta kama ni, ni da nake kukan jinkirin jirgi.

“Me mamarki za ta yi miki in ta zo?” in ji ta.

Na lissafa mata: ruwan zafi, kunun kanwa, gashin nama.

“To koya min.”

Na haihu bayan kwana uku. Yayar mijina ta hau bas daga Birmingham da kanwa da garin gero, amma washegari dole ta koma aiki. Sai Mama a waya, ina fassarawa, dattijuwar na damawa.

“Ki ce mata ta rage kanwar nan, ba sabulu za ta haɗa ba!”

Kunun farko ko mijina bai iya haɗiye shi ba, shi da ba ya raina abinci. Na huɗu kuwa na shanye kofi biyu.

Mama ta iso ana gobe suna. Ita ba Turanci, dattijuwar ba Hausa, ta riƙe hannun matar nan ta daɗe ba ta saki ba.

Har yau in na ji an ce dutse ya yi aman wuta a wani lungu na duniya, ba jirage nake fara tunawa ba. Nakan tambayi kaina su waye a gindinsa, kuma ina za su.